Sai Tsuntsayen Raudatu Sun Tashi

A unguwarsu ta Malumfashi, in ka ce kana neman Raudatu za a tambaye ka wacce, don suna da yawa. Ka ce Raudatu mai tsuntsaye, tun ba ka rufe baki ba za a nuna maka ƙofar. Sai dai kada ka shiga kana waige-waigen keji ko ɗakin tattabaru. Ko kaza ba ta ajiye ba. Tsuntsayenta suna can bakin dam cikin taɓo, kuma rabin shekara ma ba sa ƙasar nan gaba ɗaya.

Masu surutu suna da abin da suke ƙarawa in sun rage murya: ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Ba ƙarya suka yi ba, ko da yake ba wanda ya aike su. Mijinta ya fita wata safiya bai dawo ba, kuma shekara da shekaru ba wanda ya iya cewa ga kabarinsa ko ga inda yake zaune.

'Yar Dayi ce. Ubanta, Malam Abdulrahman, manomin dawa ne mai 'yar rumfar sayar da buhuna a bakin titi, mutum mai taurin kai irin wanda in ka ce masa kada ya yi abu, to ka gama sa shi. Da dangi suka ce karatun 'ya mace ya tsaya a sakandare, sai ya ɗauki Raudatu da kansa ya kai ta jami'a a Zariya. Ita kuwa tun tana ƙarama mai tsaye-tsaye ce. A aike ta kai abinci gona, sai a tarar da ita tsugune a bakin kududdufi tana kallon abin da ba wanda ya san ko mene ne, tuwo ya sandare a kwano. Uwarta ta yi faɗa har ta gaji ta bar wa Allah.

A jami'a ta faɗa hannun wata malama, Dakta Morenike. Bayarabiya ce, amma a Funtua aka haife ta, uwarta na sayar da kwanuka a kasuwa, kuma in ta yi maka faɗa da Hausa sai ka koma gida ka zauna ka yi tunani. Wata rana ta kai ɗalibai bakin ruwa, ta zaro wani ɗan tsuntsu daga raga ta ɗora wa Raudatu a tafin hannu. Ɗan abu ne mai launin ƙasa-ƙasa, da dogon baki da siraran ƙafafu, nauyinsa bai wuce na ƙwan kaza ba. Zuciyarsa na bugawa a yatsunta. Dakta ta ce wannan da take riƙe da shi a can ƙurewar arewacin Turai aka ƙyanƙyashe shi, ya ƙetare teku ya ƙetare hamada da 'yan fukafukan nan, don kawai ya zo ya ci tsutsa a taɓon ƙasar Katsina. Raudatu ta buɗe hannu ya tashi. Daga ranar ba ta ƙara tunanin wani aiki ba.

Aikin ba wuyar fahimta. Tsuntsayen suna sauka da kaka, lokacin da ake karyar masara, su yi rani a bakin ruwa tare da 'yan gida irin su balbela da zalɓe. In zafi ya kankama, kafin ruwan farko, su tashi su koma inda suka fito. Da asuba ake kafa raga a kama wasu. A auna su, a sa musu zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa ɗaya, a ɗaya ƙafar kuma a jera zobban roba masu launi, kowane tsuntsu da nasa jerin, yadda ba za a rikita shi da wani ba. Shi ke nan, a sake shi. Sauran aikin zama ne. Ka kafa madubin hangen nesa a kan ƙafafunsa uku, ka zauna kana karanta ƙafafun tsuntsaye, yau da gobe, bana da baɗi, don a gane su wa ke dawowa, kuma ko taɓon bara suke komawa.

Dakta Morenike tana da doka ɗaya da ba ta wasa da ita. Wani ɗalibi ya taɓa rubuta cewa tsuntsu ya mutu don ya daɗe bai gan shi ba, ta tsayar da shi a gaban kowa.

"Kai ka binne shi?" ta tambaye shi. "In ba gawarsa ce a hannunka ba, abin da ka sani kawai shi ne ba ka gan shi ba. Wataƙila yana dam ɗin Mairuwa. Wataƙila yana gabanka, ruwa ya rufe masa ƙafa. Ka rubuta ba a gani ba, ka ja bakinka ka yi shiru."

Ɗalibin ya sha kunya, Raudatu kuwa maganar ta zauna mata a ka daram.

Tana shirin fara digiri na biyu aka ɗaura mata aure da Ubaidullahi, ɗan Malumfashi, mai sayen masara a kasuwannin ƙauye yana kaiwa Funtua. Shi a sakandare ya tsaya, amma karatunta bai taɓa ba shi tsoro ba, dariya ma yake ba shi. Abin ya zo da sauƙi kuma, don gidansu suna da lambun tumatir a bakin dam, wanda ƙanensa Hussaini ke nomawa. Duk inda ta zauna da madubinta tana kan idon 'yan gida. Masu lambu da farko sun ɗauka awon fili gwamnati ta turo ta, suka riƙa hararar ta. Da suka gane tsuntsaye take ƙirgawa sai suka tausaya wa Ubaidullahi, suka kuma saba da ita, har wani ya kashe injin ban ruwansa in ya ga ƙarar na korar mata baƙi. In ta dawo gida da taɓo har gwiwa, mijin zai dube ta sama da ƙasa ya ce, "Malama, yau nawa kika yi wa kwalliya?" Mutum ne mai tafiya yana jefa ƙafar hagu waje kaɗan, tun wata faɗuwa da ya yi daga babur. Da wannan tafiyar take gane shi daga nesa, tun kafin ta ga fuska.

A kaka ta biyu da aurensu ya tafi wata kasuwa yamma da Funtua. A hanyar dawowa 'yan bindiga suka tare motarsu, suka kwashe fasinjoji suka shiga daji da su. An tsinci motar a gefen hanya, ƙofofi a buɗe, buhunan masara ba wanda ya taɓa. Sauran gidaje duk an kira su a waya ana neman kuɗin fansa, gidansu Ubaidullahi ba a kira ba. Cikin 'yan watanni mutanen suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, a rame, kuma Hussaini bai bar ko ɗaya ba sai da ya je ya same shi. Wani ya ce ya bar Ubaidullahi kwance da zazzaɓi. Wani ya ce a'a, a tsaye ya gan shi, an haɗa shi da wasu an yi arewa da su. Wani dattijo ya daɗe yana kallon hoton Ubaidullahi da Hussaini ya nuna masa, sannan ya ce shi tun da ya fito ba ya iya tuna fuskar kowa.

Malam Abdulrahman da Hussaini suka kai maganar gaban alƙali a madadinta. Alƙali ya sa aka yi cigiya aka rasa, sai ya yanka wa'adin da shari'a ta tanadar wa matar wanda ya ɓace, shekara huɗu. In sun cika bai bayyana ba, ita da bakinta za ta zo ta nemi hukunci, ta yi takaba kamar wadda mijinta ya rasu. Ubanta ya ce ta tattara ta dawo Dayi ta jira a can. Ta ce a ɗakinta za ta jira. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tuna inda ta gado halin, ya gyara hularsa ya tafi.

Haka ta zauna da surukarta, Hajiya Uwa, wadda kowa a gidan ke kira Inna. Ubaidullahi ɗan farinta ne, Inna kuwa irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "mijinki" ko "yaron nan". Da ya ɓace ma kunyar ba ta sake ta ba. Mata suka cika gida da jaje, ita tana zaune tana jan carbi, ido a bushe, har wasu marasa lura suka fita suna cewa tsohuwar nan akwai ƙarfin zuciya. Ƙarfin zuciyar me? Raudatu ce ke ɗauke mata kwano, ta san yawan abincin da ke dawowa.

Jaje kuwa abu ne mai ƙarewa. Mutuwa tana da tsarinta: a yi zaman makoki, a yi sadakar uku, a ce Allah ya jiƙansa, kowa ya san abin da zai faɗa. Ɓata ba ta da komai sai "Allah ya bayyana shi". Shekarar farko mutane na faɗa da ƙarfinsu. Ta biyu suna faɗa suna kallon ƙasa. Daga baya sai a gaishe su da gajiya, a gaishe su da sanyi, a tambayi lafiyar yaran Hussaini, a tsallake shi kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. Wannan ya fi komai yi wa Raudatu ciwo.

Ta ci gaba da aikinta, don in ta zauna a ɗaki bango take kallo. Ta gama digiri na biyu, ta shiga na uku. Amma madubin nan ya zame mata abin tsoro. Tana cikin bin ƙafafun tsuntsaye sai hannunta ya ɗaga shi da kansa zuwa wancan ƙetaren, inda masu lambu ke kai da kawowa. In rana ta take, iska na rawa a kan ruwa, mutane a cikin madubi sai su zama kamar ba ƙasa suke takawa ba. Sau da yawa wani zai fito daga cikin rawar nan yana jefa ƙafar hagu. Ta murza madubin, ta murza, har fuskar ta fito, sai ta ga wani ne can ɗauke da bututun ban ruwa. Ta san ba shi ba ne tun kafin ta murza, amma ba ta taɓa fasawa ba.

Abin bai tsaya a dam ba. Wadda aikinta karanta ƙafafu ne, ko'ina ta shiga ƙasa take kallo. A tashar Funtua ta taɓa bin wani mutum tun daga layin motocin Zariya har wajen masu shayi, jakarta a buɗe, ba ta ma san motar da ta shiga ta cika ta tafi ba. Da ya juyo, wani dattijo ne mai furfura. Ya ce, "Hajiya, lafiya?" Ta ce lafiya lau. Ta koma ta zauna a benci, kuma ba ta faɗa wa kowa ba.

Shekara huɗun suka cika da kaka, tsuntsaye sun fara sauka. Wata la'asar suna zaune a tsakar gida suna ɓarar gyaɗa, Inna ta yi magana ba tare da ta ɗago kai ba.

"Raudatu, wa'adin alƙali ya cika."

"Na sani, Inna."

"Ki je ki nemi hukuncin. Ba mai iya nema sai ke." Ta ɓare gyaɗa ɗaya, ta riƙe ta a hannu. "In na idar da salla na ɗaga hannu, ban san abin da zan roƙa wa yaron nan ba. In yana raye, to. In kuwa ya riga mu gidan gaskiya, duk shekarun nan yana kwance ba wanda ya ce Allah ya jiƙansa, ba wanda ya yi masa sadakar ko ƙosai. Kamar ba shi da kowa. Ina so a yi masa ina da rai."

Raudatu ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta ce, "Inna, in na shiga takaba yanzu ba fita, ga tsuntsaye sun sauka, aikin shekara guda zai lalace. A bari su tashi."

Inna ta ce Allah ya kai mu.

Da zafi ya shigo tsuntsayen suka yi ƙiba, suka daina zama wuri ɗaya. Raudatu tana bakin ruwa yammacin da wani garke ya tashi. Suka yi ta kuka suna kewaya dam ɗin, suna ƙara yin sama, sannan suka miƙe arewa. Ta bi su da madubi har suka zama ɗigo-ɗigo, har ta rasa su. Ta san dajin da za su bi ta kansa. Wataƙila wani mai jefa ƙafar hagu zai ɗaga kai ya gan su, ko kuwa su wuce ta kan ƙasar da aka tura masa. Ta zauna gaban taɓon da ba komai sai sawun ƙafafu, har Hussaini ya kira ta su tafi gida.

Tsuntsaye dai sun tashi. Raudatu ta ce ana nemanta a Zariya, akwai rubutun da za ta miƙa. Ta miƙa. Damina ta faɗi, ta ce aikin gona ya sha kan Hussaini, wa zai raka ta kotu? Kafin a ankara an fara karyar masara, tsuntsaye sun sake sauka. A faɗi gaskiya, ba tsuntsaye ne suka hana ta ba, kuma duk gidan an sani. Tsoro take ji. Gani take ranar da ta tsaya gaban alƙali ta buɗe baki, ita ce ta kashe shi, alhali ba ta ga gawa ba. Inna ba ta ƙara tayar da maganar ba. Da ma faɗa ta yi, da ya fi wa Raudatu sauƙi.

Ana cikin sanyi Inna ta faɗi a bakin randa. Hawan jini, in ji likita. Ta dawo gida ɓarin jikinta na dama a shanye, baki ya ɗan karkace, magana sai an kasa kunne. Raudatu da matar Hussaini suka riƙa karɓa-karɓa wajen ɗaga ta da juya ta da ba ta abinci.

Hussaini ya same ta a bakin dam. Shi da yake ƙanen miji abokin wasanta ne, kullum sai ya tsokane ta da cewa wata rana zai soye tsuntsayenta da zobbansu ya ci da yaji. Ran nan bai yi wasa ba. Ya tsaya nesa kaɗan, hannuwansa duk sun yi kore da ganyen tumatir.

"Matar Yaya, ni ba zan tilasta miki ba. Ni ma ɗan'uwana ne. Amma kin ga Inna. Ba na jin za ta ga tashin tsuntsayen bana."

Ta daɗe idonta na cikin madubi, ba abin da take gani. Sannan ta ce ya je kotu ya karɓo musu rana.

Ana gobe za su shiga kotu, Dakta Morenike ta zo daga Zariya don ta karɓi madubin ta ba wani ɗalibi ya ƙarasa shekarar. Suka zauna tare da hantsi a bakin ruwa, zaman ƙarshe. Ruwa ya ja baya, taɓo ya fito fili, tsuntsaye sun bazu suna caccakar ƙasa. Raudatu na bin su ɗaya bayan ɗaya tana faɗin launi, Dakta na rubutawa. Duk sanannu ne. Sai ta kai kan wani da ke tsaye shi kaɗai a gefen wani kututture, ta ƙura masa ido.

Zobbansa sun koɗe, jan ya koma ruwan goro, amma ana karanta su: ja, fari, ja. Ta san jerin. Da hannunta ta sa su, shekarar da aka kawo ta Malumfashi, yana cikin na farko-farkon da ta kama. Ranin nan kaɗai aka gan shi. Tun daga nan, shekara bayan shekara, ba a gani ba take rubuta masa, tun ma kafin mijinta ya ɓace. Ga shi nan kuwa sumul, yana cin tsutsarsa, ko a jikinsa.

"Dakta, zo ki duba mini. Kada ya zama idona ne."

Dakta ta sa ido, ta gyara, ta ce ja, fari, ja. Ta fara murna, har ta ɗaga hannu za ta dafa ta, sai ta ga fuskar Raudatu, hannun ya tsaya.

"Raudatu," ta ce a hankali, "cikin waɗanda suka daɗe haka ba a gan su ba, nawa suka taɓa dawo miki?"

"Shi kaɗai."

"To."

"Amma ai ya dawo, Dakta."

Dakta Morenike, wadda ba a taɓa rasa amsa a bakinta ba, ta zauna a kan busasshen taɓo ta ce, "Dokar nan don tsuntsaye na koya miki. Ban san yadda ake yi da mutum ba. Wallahi ban sani ba."

Raudatu ta ji haushin tsuntsun nan kamar ta jefe shi da dutse. Duk shekarun da take roƙon alama bai zo ba, sai yau da ta riga ta ba da kai. Ta kalle shi har ya gaji da wurin ya tashi ya koma gaba. Sannan ta naɗe ƙafafun madubin, ta goge gilashin da gefen mayafinta, ta miƙa wa Dakta. A gida ta tarar Inna ta farka. Ta zauna ta ba ta magani. Labarin tsuntsun ya zo mata har baki, ta haɗiye shi, don ta ga ba imani a ɗora wa mara lafiya wannan kayan.

Kotun ba ta cika ba. Alƙalin dattijo ne mai magana a hankali. Aka karanta abin da ya gabata, Hussaini ya yi bayani, Malam Abdulrahman da ya zo daga Dayi ya yi nasa. Sannan alƙali ya juyo gare ta.

"Malama Raudatu, tun daga wancan lokaci kin samu wani labarin mijinki?"

"Ban samu ba, Allah gafarta Malam. Amma ban ga gawarsa ba. Ba wanda ya gani."

"Kotu ta san da haka. Ba a ce ki rantse ya mutu ba, wannan sanin na Allah ne. Tambayar ita ce, kina neman hukunci ko za ki ci gaba da jira? Duk wanda kika zaɓa hakkinki ne, ba mai matsa miki."

Raudatu ta dubi ubanta, mutumin da bai taɓa rasa ra'ayi a kan komai ba, ta ga ya sunkuyar da kai. Ta tuna Inna bayan salla, hannu ɗaya a ɗage, ɗayan a yashe a kan tabarma. Ta ce, "Ina nema." Muryar ba ta fita ba, sai da alƙali ya sa ta maimaita.

Liman ya ce ba sallar gawa tun da ba gawa, amma addu'a da zaman gaisuwa ba laifi. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Kai, mutane sun zo. Waɗanda suka shekara suna sauya hanya don kada su haɗu da 'yan gidan duk suka hallara, har da 'yan kasuwar masara daga Funtua da Bakori, kowa bakinsa ya buɗe tun da ya samu abin faɗa. A cikin gida aka jingina Inna da matashi, Raudatu a gefenta, ba kwalli ba ɗan kunne. Mace ta shigo ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Inna ta ce amin da karkataccen bakinta, sarai kowa ya ji. Raudatu ma ta ce amin. Ta farkon ce ta yi wuya, sauran sai suka riƙa fita da kansu.

Ran sadakar uku aka daka gumba aka soya ƙosai, aka raba har unguwannin nesa. Inna ta sa aka kawo mata kwanon ta taɓa da hannunta mai lafiya kafin a fita da shi. Fuskarta ta saki, har ta ci abinci fiye da yadda ta saba. Raudatu ta dube ta ta ce a ranta, to, ko ba komai baiwar Allahn nan ta samu abin da take so, ta haƙura da ɗanta. Ita kanta ta ji wani abu ya ɗan sauka daga ƙirjinta, ta kuma ji kunyar jin hakan.

Bayan la'asar gida ya watse. Raudatu ta dama kunu ta zauna tana ba Inna da cokali. Inna ta sha kaɗan ta kau da kai.

"In kin fita takaba," ta ce, kalma ɗaya-ɗaya, "ki koma Dayi. Ki gama karatunki. In mutumin kirki ya fito ki yi aure, kada ki tsaya kallon fuskar kowa. Yarinya ce ke. Kin zauna da ni, Allah ya yi miki albarka."

Raudatu ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a zanenta. Ta ce amin.

Sai Inna ta miƙo hannun hagu ta kama mata wuyan hannu, riƙon da ba ka zaton mara lafiya na da ƙarfinsa. Ta dubi ƙofa, ta ga ba kowa, ta jawo ta kusa.

"Abu guda nake roƙonki. Layin wayarki ɗin nan, kada ki canza shi. Ko mijin da za ki aura ya saya miki sabo, ki bar wannan a kunne. Lambarki kaɗai ya haddace."

Raudatu ta ɗago ta dubi tsohuwar. Nan ta gane Inna ba ta taɓa yarda ya mutu ba, ko na rana ɗaya. Duk amin ɗin da ta yi ta faɗa gaban masu gaisuwa, don a kwance wa Raudatu igiya ta faɗe su, ita kuwa tana nan inda take tun safiyar da ya fita. Tsoro da tausayi suka rufe Raudatu lokaci guda, har cokalin ya karkace a hannunta kunu ya zuba a tabarma.

"Kin ji?" in ji Inna.

"Na ji, Inna. Ba zan canza ba."

Sai a lokacin tsohuwar ta sake mata hannu.